Rantsuwar Uwani

Tun da ƙudan zuma suka ƙare, da gashin kaza ake yi wa itatuwa barbara. Mangwaron garin ba ya karɓar garin furensa, sai na wata gona, wanda hukuma ke rabawa. Doka ta ce duk wanda ke riƙe da rabon, danginsa ba sa samu har ya sauka.

Da safen da za a rantsar da Uwani a matsayin mai rabon na shekara huɗu, ta sami yayanta Ɗanlami a lambun mahaifinsu. Itatuwa sun yi fure fal, ko'ina tsit.

"Shekara huɗu itatuwan nan ba 'ya'ya," ya ce, bai dube ta ba. "Me zan ba yara?"

"Yaya, idan na ƙi, wanda ya sayar da rabon bara za a mayar. Gonaki nawa suka bushe a hannunsa?"

Ya daɗe yana shafa jikin wata tsohuwar bishiya.

"Je ki, kada ki makara," ya ce. "Amma idan kina rabo, kada ki biyo ta nan. Zan roƙe ki."