Turmin Inna a Kife

Tun da aka shimfiɗa injin harba ƙwayoyin zarra a ƙarƙashin garin Tsaunin Gwani, aka hana daka. Wai girgizar taɓarya tana karkatar da harbin, har masana su kasa kama nutirino, ƙwayar nan da ke ratsa dutse da mutum ba a gani ba a ji. Kowane gida an manna masa 'yar fitila a bango, mai yin ja da zarar ƙasa ta motsa.

Injiniya Rumasa'u ce ta zana hanyar ramin ta bi ƙarƙashin garinsu, ita kuma ta sa hannu a dokar. Ran Juma'a ta leƙa gaida mahaifiyarta, ta tarar da turmi a kife, gizo ya yi masa saƙa.

Inna ta miƙo mata fura, murya ƙasa-ƙasa, alhali babu wanda ya hana magana. "Ki yi haƙuri, niƙan inji ne."

Rumasa'u ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar. Hannun tsohuwar take kallo yana dukan cinya shi kaɗai, sama da ƙasa, kamar mai daka.

"Kun kama abin naku, 'yar nan?"

"Tukuna, Inna." Ta san akwai wani sabon gyara da za a yi wa injin, wanda zai ci shekaru.

Inna ta saci kallon fitilar, ta matso kusa. "Ko dai ni na ɓata miki aiki? Shekaranjiya ina shara, taɓarya ta faɗi."