Tsohuwar Ɗakin Ƙarshe

Ɗalibar ta ajiye rikoda a kan akwatin gefen gado, ta jawo kujerar roba, ta zauna ta yadda hasken taga ba zai faɗa mata a fuska ba. Tsohuwar tana jingine da filo, hannayenta a kan bargo, tana jiran tambaya.

Wannan ce hira ta ƙarshe. Digiri na biyu take yi a fannin walwalar jama'a, bincikenta kuma a kan iyayen da 'ya'yansu suka kai gidan kula da tsofaffi, suka ɗauke ƙafa. Ta zauna da mutane da dama a gidan. Akwai tsohon direban da ke zagin 'ya'yansa bi da bi, daga babba zuwa ƙarami, akwai ungozomar da ta ce da ta sani da kaji ta kiwata, ko ba komai ta ci ƙwai. Duk ta rubuta su hankali kwance. Ɗakin ƙarshe ne ta yi ta kewayewa. Sai da Farfesa, mai duba aikinta, ya ce kundin binciken har yanzu ba shi da rai, sannan ta ja ƙafa ta bi dogon barandar har ƙurya.

Ranar farko, Nas ta faɗa mata a bakin ƙofa, ba tare da ta dube ta ba, cewa mantuwa ta ci ƙarfin matar, wata rana ko sunanta sai an tuna mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallon baƙuwar, sannan ta ce, "Ke ce 'yar makarantar da aka ce tana yawon tambayoyi?" Ɗalibar ta ce ita ce. Daga nan komai ya zo da sauƙi, kuma sauƙin nan ya fi komai ci mata rai.

Tsohuwa ta buɗe mata cikinta. Tela ce a da. Keken ɗinki ya cinye mata ido da baya, da shi ta raini 'ya'ya bayan rasuwar maigida. Manyan sun yi nisa, kowa da hidimarsa. Autarta ce ta rage, yarinya mai ƙwaƙwalwa, ita ta yi ta jinyarta: wankin zanin gado, bin tituna nemanta in ta fita ta ɓace, ga karatu a wuya. Ranar da tsohuwar ta manta tukunya a kan wuta har labule ya kama, auta ta haɗa mata kaya a jaka ta kawo ta nan, ta ce zuwa ta gama jarrabawa. Shekaru sun shuɗe, jarrabawa ba ta ƙare ba.

Da Farfesa ya saurari muryar, sai da ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce wannan babin shi ne zuciyar kundin, ya ce jawo magana daga bakin mutum haka baiwa ce, ba a koyar da ita a aji. Abokan karatu suka yi ta yi mata barka. Ita kuwa ta shige banɗakin sashensu ta kulle, ta saki famfo don kada a ji ta.

Ta san ƙa'idar aikinta, har jarrabawa ta ci a kanta: ba a ɗaukar labarin mutumin da bai san da wa yake magana ba. Ta sha ɗora yatsa za ta goge muryar, sai ta tuna an riga an sa ranar kare kundi. Sai ta koma rage wa kanta zafi da ƙananan abubuwa. Ta yanke wa tsohuwar farce, ta shafa mata mai a diddigen hagu da ke yawan tsagewa, ta haɗa mata shayi daidai yadda take so tun ba ta faɗa ba. Nas in ta gani sai ta taɓe baki ta wuce.

Yau tambaya ɗaya ta rage, wadda Farfesa ya ce in babu ita babin bai cika ba. Ta kunna rikoda.

"Mama, kina jin haushin 'yar taki?"

Tsohuwar ta gyara zama a jikin filo.

"Na ji mana," ta ce. "Na sha juya fuska bango zan ce Allah ya isa, sai in tuna bakin uwa, in yi maza in haɗiye. Rubuta haka, kada ki gyara min. Kawo ni da ta yi bai dame ni ba, ko ni ce da na gaji. Ƙofar nan ce ciwona. Duk wanda ya taɓa ta sai na gyara ɗankwali."

Ɗalibar ta kashe rikoda. Ta karanto godiyar da aka koya musu a aji, kalma bayan kalma, idonta a ƙasa. Ta cusa kayanta a jaka ta miƙe. A ranta tana cewa bari dai a gama kare kundin nan tukuna. Ta san wannan maganar, ta san kuma inda take kai mutum.

Ta kai bakin ƙofa ke nan muryar ta biyo ta, tsaf, ba rawa ba laluben kalma, irin wadda ke tsayar da yaro cak yana tsakiyar gudu.

"Auta, in abin da na faɗa bai isa su ba ki digirin ba, ki dawo gobe in ƙara miki, amma ki shigo min a 'yata, don na gaji da yin kamar ban gane ki ba."