Albarushin Baba Gawie

Ga ta nan, ga ta nanku, daga wata gona a yankin Karoo! Ta zo mu ji ta.

Baba Gawie ya auna barewa, ya ja kunamar bindiga. Bindiga ta ce "fus".

Zai sa wani harsashin ke nan, maƙwabcinsa Frikkie ya riƙe hannunsa. "Tsaya, tsoho! Na farkon ya maƙale a bututu. In ka sake harbi, a gonata za a tsinci yatsunka."

"Shekara arba'in ina ɗura harsashina da kaina!" in ji Gawie, wanda ya ƙi jinin tabarau.

Frikkie ya buɗe harsashi ɗaya, ya shinshina, sai atishawa. Masoro ne!

Sai Gawie ya tuna. Jiya a gwangwanin kicin marar suna ya juye albarushinsa; ashe da ya zo ɗuri, na masoro ya ɗauka. Ga matarsa Ansie can tana gashin nama!

Da gudu ya isa gida. "Ansie! Kar ki barbaɗa!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ni ai ina sa tabarau, maigida. Na kulle abinka nesa da wuta. Ina masorona?"

Ƙurunƙus. Barewa ta ci gaba da kiwo, Gawie ya sayi tabarau, gwangwani ya samu suna, nama kuwa lami suka ci shi.