Dutsen Niƙan Uwar Mama Ladi

A tsohon Garki na tashi, daf da wani lambun shaƙatawa. Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, maƙwabciyarmu Mama Ladi, wata tsohuwa 'yar Gbagyi, ta kama hannuna muka shiga lambun. Ƙwaryarta na kan kafaɗa kamar kullum, don su ba sa ɗora kaya a ka. Ƙasa na ta ƙamshi, rana ta yi laushi.

Ba wajen lilo ta nufa ba. Ƙarƙashin wata tsamiya ta tsaya, gaban wani faffaɗan dutse mai kwarmi a tsakiya. Na ɗaga ƙafa zan haye.

"A'a, yarinya, cire takalminka," ta ce. "Kafin a yi lambun nan, gidanmu ne. Cikin kicin ɗin uwata kake tsaye."

Na waiwaya, ba bango, ba murhu. Ta durƙusa ta kwashe ruwan kwarmin da tafin hannu, ta fito da 'yar dawa da ɗan dutse daga ƙwaryar, ta ɗora hannunta a kan nawa. Muka yi ta niƙa a hankali, tana waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Wallahi sai na ji ƙamshin hayaƙin itace.

Yanzu daga Lugbe nake kawo 'ya'yana. Masu ɗaukar hoto na hawa dutsen yadda suka ga dama. Ni dai tun daga nesa nake cire takalmi, yaran su yi ta tambayata ko matse ni yake yi.