Littafin Bishiyoyin Baba

Awa uku tana neman Baba, tsohon ma'aikacin gandun daji da mantuwa ta kama, kafin ta hango shi bakin titi, yana gwada ganye da hotunan ɗan littafinsa na gane bishiyoyi.

"Haba Baba! Ka tayar mana da hankali!"

Ya dube ta kamar baƙuwa. Jiya sunan mangwaro ne ya ɓace masa, yau kuma ita?

"Ɗan dakata, baiwar Allah," ya ce.

Ya lashi yatsa, ya wuce shafin tsamiya, ya wuce na dabino. A shafin ƙarshe sai ga hotonta manne, da rubutunsa mai rawa: "Autata ce. In ta zo, bi ta."

Ya miƙo mata hannu.