Ƙararrawar Kaka

Sikelin da suka aro wajen mai citta ya nuna jakar tafiyarsu ta wuce ƙa'idar jirgi da kilo biyu.

"Cire ƙarfen nan," in ji mijinta.

Ta ƙi. Ta cire acca, ta cire daddawa, har da takalmin da zumuntar matan coci suka saya mata saboda sanyin Ingila.

Kawunta, dattijon ikkilisiya, yana bakin ƙofa yana tsaki. "Ku 'yan Kafanchan za ku koya wa Bature Yesu? Dariya za su yi muku."

"Su yi, Kawu."

Ta warware tsumman da ta naɗe ƙarfen da shi. Ƙararrawar hannu ce da wani Bature ya ba kakanta ranar baftismarsa. Shekara tamanin tana kiran ƙauyensu sujada. Majami'ar da ta aiko Baturen kuwa, inda za su je aikin bishara, tsofaffi tara suka rage a cikinta.

Ta kaɗa ta sau ɗaya, har Kawu ya zabura.

Ta ce, "Mu ta tashe mu tuntuni. Yanzu masu ita ne ke barci."