Mai Baƙin Allo

To, Malam Sabi'u, tunda cinikin maƙwabcin shagonka ya hana ka sakat, matso in ba ka wani misali.

An yi wani mai gyaran kwamfuta a wata kasuwa, shekararsa goma sha biyar a layin, har ana ce masa uban layi. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: duk na'urar da aka kawo tana gardama sai ya wanke ta tas, ya goge abin da ke cikinta, ya zuba mata sabuwar manhaja. Ana nan sai wani baƙo ya kama shagon da ke kallon nasa. Shi baƙon ba ya gaggawar wanki. In aka kawo masa kwamfutar da ke sandarewa, sai ya tashe ta a abin da masu sana'ar ke kira sef mod, wato ta tashi da iya abin da ba ta iya aiki sai da shi, duk tarkacen da aka ɗora mata daga baya suna barci. Allon ya yi baƙi ƙirin, rubutun ya yi manya-manya, ba kyan gani. In ta yi lafiya a haka, ya san cutar ba a jikinta take ba, tana cikin abin da aka ɗora mata, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya cafke mai laifin. Kamar dai mai jaki ne ya sauke kaya don ya ga jakin ne ke ɗingishi ko lodin ne ya karkace.

Uban layi ya san wannan hanya sarai, ƙyuya ce kawai ta raba shi da ita. Amma da ya ga mutane suna wuce ƙofarsa da jakunkuna a kafaɗa suna tsallaka layi, sai ya fara jin haushin baƙon. Hassada ce tsagwaronta, ba ta da wani suna. Ko shayi aka kai wa baƙon sai ya ji kamar daga kofinsa aka tsiyaya. Ya laƙaba masa suna Mai Baƙin Allo, ya dinga rantse wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa baƙin allon nan cinye na'ura yake yi, wata uku sai ta mutu murus. Wanda ya fi shan wannan huɗuba shi ne wani tsohon hedimasta, abokin cinikinsa na shekara goma. Shekara shida tsohon ya yi yana rubuta tarihin garinsu, yana bin dattawa irin su Sarkin Maƙera yana ɗaukar muryoyinsu, da yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya, kuma duk aikin yana cikin kwamfutarsa.

Rannan da hantsi sai ga hedimasta da kwamfutar a rungume: da an kunna ta sai ta sandare, ko motsi. Kallo ɗaya uban layi ya yi mata ya san abin yi, yatsansa har ya kai kan maɓallin. Sai ya tuna tsohon na zaune a gefensa ya zuba wa allon ido, ga kuma baƙon can tsaye a ƙofar shagonsa. Ya baƙanta allo a gaban mutumin da ya shekara yana gaya wa guba ne? A ce yau shi ne ke kwaikwayon wanda ya zo jiya? Ina! Ya janye yatsa. Ya ce a ransa ai takardun tsohon suna ɗaya ɓangaren ma'ajiya, wanda shi da kansa ya ware masa tun farko, inda wanki ba ya taɓawa. Ko tambaya bai yi ba, ya wanke. Ashe tsohon bai taɓa leƙa wancan ɓangaren ba, a fuskar allo yake zube komai, inda idonsa zai gani.

Kwamfuta ta tashi fes. Uban layi ya mayar mata da manhajojinta, har da ta sabuwar firintar da tsohon ya saya makon da ya wuce, sai ta sake sandarewa kamar ba a taɓa ta ba. Hedimasta ya rungumi abarsa ya tsallaka layi. Uban layi yana gani allon ya baƙanta, yana gani baƙon ya cire manhajar firintar nan, kwamfuta ta warke kafin mai alwala ya wanke ƙafa. Sannan ya ga tsohon ya sunkuya yana laluben allo da yatsa, ya ɗago, ya juyo ya dube shi daga can.

"Ina muryar Sarkin Maƙera?" in ji tsohon. Duk layin ya ji.

Kwana uku baƙon ya yi yana tono abin da aka goge, ya ceto fiye da rabi, sauran ya tafi har abada. Hedimasta bai zagi kowa ba. Sai dai duk inda ya zauna, masallaci ne ko wurin ɗaurin aure, cewa yake a kai wa Mai Baƙin Allo. Ba wanda ya nemi kwatance kuwa, don uban layi ya riga ya shuka sunan a kunnen kowa da bakinsa. Baƙon ya kira mai fenti ya rubuta masa shi ɓaro-ɓaro a saman shago. Yanzu kullum safiya uban layi ya ɗaga ƙofarsa, abin da yake fara karantawa ke nan, bencinsa kuwa sai ƙuda.

Ka ji, Malam Sabi'u. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.